Tsohon gidan man da Baffa ke son saya: yanda ake gwada ƙasa da ruwan ƙarƙashinta kafin a biya kuɗi

Cikin azumin da ya wuce Baffana ya kira ni bayan tarawi, yace ya samu fili a bakin titi nan cikin garin Bauchi, tsohon gidan mai ne da ya yi shekara da shekaru a rufe, dillali yace mai shi na cikin matsin kuɗi shi ya sa farashin ya yi sauƙi. Niyyarsa ya jera shaguna ta gaba, ta baya kuma ya kafa injin fiya wata tunda dama akwai bohol a ciki. Sai ya turo min hoton wata takarda ta WhatsApp yace "ɗana duba min wannan, an kai ruwan lab an ce lafiyarsa lau."

Na duba. An auna tsamin ruwan, an auna gishirinsa, an auna ƙarfen da ke ciki, an nemi ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bayan gida ba a samu ba. Duk wannan daidai ne. Amma daga saman takardar har ƙasanta babu layi ko ɗaya da ya ambaci fetur ko wani abu da ke fita daga fetur, babu kuma dalma. Nace Baffa wa ya ɗebi ruwan? Yace yaron dillalin ne, ya tara a gorar lemo daga famfon tanki ya kai a babur. Nace ranka ya daɗe ka ɗan dakata da biyan kuɗin nan, lab ɗin abin da aka tambaye su suka amsa, mu kuma abin da ya kamata ya dame mu ba a ma tambaya ba.

Jiyoloji na karanta, wato ilimin ƙasa da duwatsu, kuma na jima ina bin masu haƙa bohol, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, sabida na san irin wannan cinikin ana yinsa kullum a garin nan. Lauya zai duba takardar mallaka, safiyo zai duba iyaka, magini zai duba ko ƙasar za ta ɗauki bene, amma da wuya ka ji wani yace me aka zuba wa ƙasar nan shekara 20 ko 30 da suka wuce.

A gidan mai, abin da ido ke gani famfo ne da rumfa, ainihin kayan kuwa suna binne. Tankunan ƙarfe ne manya a ƙarƙashin siminti, da bututai da suka taso daga cikinsu zuwa famfo. Ƙarfe in ya daɗe cikin danshi tsatsa yake yi, mahaɗar bututu tana sakewa, ga kuma wanda ke zuba duk lokacin da tanka ta zo sauke kaya. Ba sai tanki ya fashe ba. Ka ɗauka ɗigo ɗaya ne yake ɗiga duk daƙiƙa, ka yi lissafi da kanka, a shekara ya kai wajen lita 1,500, kuma manaja ba zai lura ba sabida zai ɗauka shotej ne irin na yau da kullum. Man nan yana bin ƙasa yana sauka har ya tarar da ruwa, kuma da yake fetur da gas da kananzir duk sun fi ruwa rashin nauyi sai su kwanta a samansa kaman yanda manja ke kwanciya a kan miya. Wani kaso kuma yana narkewa a cikin ruwan ya bi shi duk inda za shi.

Wanda ke narkewan shi ne abin tsoro, musamman wani sinadari da ake kira benzin. Kaɗan ne a cikin fetur amma an tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a mikirogiram 10 a kowace lita. Wannan lambar ba ta shiga kai sai an kwatanta: cokalin shayi ɗaya na benzin zalla ya isa ya kai ruwa lita dubu 400 da ɗoriya wannan iyakar, wato ruwan da zai cika tankar mai mai lita 33,000 guda 13. A wannan matakin hancinka ba zai ji komai ba, harshenka ma haka. Toh ina ga dalma wadda dama ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya cire ta. Ita ma iyakarta a ruwan sha mikirogiram 10 ce a lita, haka yake a ma'aunin ruwan sha na Najeriya. Kar a manta da can fetur ɗin kansa da dalma ake haɗa shi, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sai a farkon 2006 suka kammala daina sayar da irinsa, don haka gidan man da ya yi aiki a shekarun 1980 da 1990 akwai dalilin neman dalma a ƙasarsa. In kuma an taɓa yin gareji a gefe, inda ake juye baƙin mai a ƙasa ana fasa batir, ko an taɓa girke tsohuwar taransfoma tana yoyo, kowanne da irin dafin da yake bari.

Mu a arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 ƙungiyar likitocin MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara sabida niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, yara wajen 400 suka rasu, kuma maganin bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa, don in ka yi wa yaro magani ka mayar da shi kan ƙasar da ta sa mishi ciwon ba ka yi komai ba. A kudu kuma akwai rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan malalar mai a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas a watan Agustan 2011. Sun ɗebi samfur sama da 4,000, sun haƙa rijiyoyin gwaji 142, sun ciro ƙasa daga ramuka 780. A Nsisioken Ogale suka tarar mutane suna shan ruwan rijiyar da benzin ɗinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya sama da sau 900, ga tataccen mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Abin da ya fi tsaya min a rahoton shi ne wuraren da sama ta yi kyau, ciyawa ta fito, amma a wurare 49 an samu mai har zurfin mita 5 ko fiye. Filin Baffa ba Ogoni ba ne, tazarar tana da yawa, amma ko a Ogoni ko a Bauchi, mai in ya zuba ƙasa yake bi yana sauka har ya tarar da ruwa.

Toh yaya ake yin aikin yanda ya kamata?

Ba da haƙa ake farawa ba, da tambaya ake farawa. Tankuna nawa ne, a ina suke, an ciro su ko suna nan, me aka sayar, yaushe aka rufe kuma me ya sa. Akwai takardu a hukumar da ke ba gidajen mai lasisi, da DPR ce, tun dokar man fetur ta 2021 aikin ya koma hannun NMDPRA. Akwai tsoffin hotunan sama a Google Earth da za ka ja baya ka ga yanda wurin yake a shekarun baya. Amma wallahi mafi amfani a wajena su ne mutanen unguwa. A filin nan mai facin da ke bakin titi ne, dattijo, ya nuna mana da ƙafa inda tanka ke tsayawa ta sauke kaya, sannan yace akwai wani tanki na huɗu na kananzir ta bayan ofis wanda aka daina amfani da shi tun kafin a rufe wurin aka dafe kansa da siminti. Dillali tankuna uku ya faɗa mana. Da ba mu zauna kan bencin dattijon nan mun gaisa ba da an gama aikin gaba ɗaya ba a taɓa wajen ba.

Wannan tarihin shi ke faɗa maka inda za ka huda, kuma nan ne zuciyar aikin take. Fili mai faɗin fuloti huɗu, abin da za ka kai lab bai wuce 'yan kwalabe ba, ƙasar da ke cikinsu ko bokiti ɗaya ba za ta cika ba. In ka ɗebo ta daga lungun da aka shuka darbejiya sakamako zai fito fes kuma ba ƙarya ya yi ba, lungun ne fes. Don haka ake sa ramukan gwaji a gefen kowane tanki, da kan layin bututu, da gindin famfo, da wurin sauke kaya, da bakin kwata ko sokawe inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Ana kuma sa ɗaya can nesa inda ake ganin ba abin da ya taɓa shi, don a san yanda ƙasar wurin take tun asali, sabida wasu ƙarafa dama akwai su a cikin dutse, ba kowane abu da aka gani ba ne mutum ya zuba. Kafin a kafa inji kuma dole a tabbatar ba waya ba bututun ruwa a ƙasa, ba kuma kan tankin za a huda ba, tsohon tanki ko ya bushe akwai tururin mai a ciki kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Zurfi ma haka. Gindin tanki yakan kai mita 3 ko 4, don haka wanda ya kankaro ƙasar sama da shebur bai ma isa inda yoyon yake farawa ba. Ana haƙawa ne ana ciro ƙasar daki-daki, kowace mita ko rabin mita, ana rubuta launinta da irinta, jar ƙasa ce, marmara ce, yumɓu ne, ruɓaɓɓen dutse ne. Akwai wata 'yar na'ura ta hannu mai shaƙar tururi da ake kangawa a kan ƙasar da aka zuba a leda, in akwai mai lambarta sai ta hau. Ita ba ta faɗin ko menene ko nawa ne takamaimai, jagora ce kawai take nuna wace ƙasar ta cancanci a tura lab. Wadda ta fi hawa ana ɗauka, da wadda ke daf da saman ruwa, da ta can ƙasan ramin don a san inda abin ya tsaya.

Ranar da aka huda gefen tanki na biyu ina tsaye. Mita ta farko jar ƙasa ce mai kyau, ta biyu ma haka. Da aka wuce ta uku sai ƙasar ta fara fitowa toka-toka mai ɗan kore, tana maiƙo a safar hannu, kuma kafin ma a kanga na'ura mai injin ya ja baya ya kalle ni yace "injiniya ka ji abin da na ji?" Warin tsohon fetur ne mai tsami. Baffa da ke zaune a inuwa ya taso ya sunkuya ya shinshina, bai ce komai ba ya koma ya zauna.

Yanda ake ɗaukar samfur ɗin shi ne inda mutane suka fi raina wa, kuma nan aiki ya fi lalacewa. Benzin da 'yan uwansa masu tashi ne, da sun ga iska da zafi sun gudu. Ƙasar da aka bari a buɗe a ranar Bauchi ta watan Afrilu na ɗan lokaci kaɗan ta riga ta zubar da kaso mai yawa na abin da ake nema. Shi ya sa ake cusa ta nan take a kwalbar gilashi a cika ta maƙil ba a bar wa iska wuri ba, a rufe, a rubuta lamba da zurfi da lokaci, a jefa a kula mai ƙanƙara a riƙe ta a sanyin digiri 4 ko kusa da haka har ta isa. Ba a kuma cakuɗa ƙasar ramuka daban-daban a kwano ɗaya wai don a rage kuɗin gwaji in dai masu tashin nan ake nema, juyawar kanta tana korar su, kuma ƙasa mai dafi ɗaya in ta haɗu da masu kyau huɗu sai ta ɓuya a cikinsu. Tsakanin rami da rami ana wanke kayan haƙa da sabulu a ɗauraye da tataccen ruwa a canza safar hannu, in ba haka ba kai da kanka za ka kwashi datti daga rami na biyu ka kai na biyar sannan ka zo kana cewa ya bazu.

Sai ruwa. Mutane da yawa za su ce ai ga bohol a wurin, me ya sa ba za a ɗiba daga nan ba? Ana ɗiba, amma shi kaɗai bai isa ba. Bohol na sha an yi shi ne ya zuƙo ruwa daga can ƙasa, sikirin ɗinsa, wato ɓangaren bututun mai hudoji da ruwa ke shiga ta nan, yana nesa da saman ruwa inda man yake kwance, kuma ruwan da ya hau tankin sama ya sha rana ya sauko ta famfo ya riga ya saki abin da ke tashi. Don haka ake haƙa rijiyoyin gwaji na musamman, siraran bututun roba ne masu faɗin milimita 50, a sa sikirin ɗin ya ratsa daidai saman ruwa, rabi a ciki rabi a sama, yanda in akwai mai kwance zai shigo. A zuba tsabtataccen yashi kewaye da sikirin, a toshe samansa da yumɓun bentonait da siminti don kar ruwan sama ya bi jikin bututun ya gangara. Wannan toshiyar ba abin wasa ba ce. Rijiyar da ba a toshe da kyau ba ta zama hanya, ka zo neman dafi ka buɗe mishi ƙofa zuwa ruwan da bai kai ba da.

Kuma aƙalla uku ake so, ba a layi ɗaya ba, kaman duwatsun murhu. Dalili shi ne ruwan ƙasa tafiya yake yi a hankali daga inda yake sama zuwa inda yake ƙasa, kuma da ido ba za ka san ina ya nufa ba. In safiyo ya auna tsayin bakin kowace rijiya, aka kuma auna zurfin ruwa a kowacce, lambobi ukun nan za su nuna gangaren. Daga nan ne za ka san wace rijiya ce ke sama da tankuna wace ce ke ƙasa da su. In ta sama ta fito da mai, toh akwai yiwuwar daga wajen maƙwabci yake shigowa, wanda wannan babbar magana ce in an zo batun wa zai biya. In ta ƙasa ce kawai, daga cikin filin yake, kuma tambaya ta gaba ita ce gidan wa ke gaba.

Anan ƙasar Bauchi tana da nata hali. Garin yana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda muke gani ya ɓullo ko'ina a gari, har akwai wani nau'in dutse da masana suka raɗa wa suna bauchait sabida a nan aka fara bayyana shi. Ruwanmu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. Wannan na nufin abu biyu. Na farko ruwan ba shi da nisa, shi ya sa rijiyar hannu ke ba da ruwa a unguwanni da yawa, kuma shi ya sa abin da aka zuba a sama ba ya daɗewa ya same shi. Na biyu, in dafi ya shiga tsaga ba ya bazuwa a hankali kaman a yashi, tsagar yake bi kaman bututu, yana iya wuce rijiyar gwajinka da taku biyar ba ta gan shi ba ya je ya ɓulla a rijiyar wani can gaba. Duk mai haƙa bohol a garin nan ya san wannan ta wata fuskar, ka haƙa nan ka samu ruwa ka matsa kaɗan ka samu ƙura. A yankin Alkaleri da Darazo zuwa Dukku ta Gombe kuwa ƙasar yashi ce mai kauri, ruwa na can nesa sosai, tsarin gwajin da ya dace da can daban ne. Wanda ya zo maka da tsari ɗaya da ya kwafo daga aikin Fatakwal bai tambayi irin ƙasar wurin ba, ka yi hattara da shi.

Bayan an gama rijiya ba a ɗiba ranar. Ana wanke ta a fitar da lakar haƙa, a bar ta ta huta kwanaki. Ranar ɗiba kuma sai an fara auna ko akwai mai kwance a sama da kaurinsa, sannan a zubar da ruwan da ya kwana a cikin bututun don ba shi ne ruwan ƙasa na gaskiya ba. Bututu mai milimita 50 yana ɗaukar kusan lita 2 a kowace mita, in ruwan ya kai mita 5 lita 10 kenan, al'adar aikin a fitar da ninki uku, lita 30, ko a riƙa ja a hankali da ƙaramin famfo ana auna tsami da gishiri har lambobin su daina motsi. Ruwan da aka fitar ɗin a durom ake tara shi, ba a kwararar da shi a kwata.

Na tsaya ina kallon yarinyar da kamfanin gwajin suka turo tana cika kwalbar benzin. 'Yar ƙaramar kwalba ce mai mililita 40, da ɗigon asid a ciki tun daga lab. Ta karkata ta tana zuba ruwan a hankali ta jikin gilashin don kar ya yi kumfa, har ya yi tozo a baki, ta ɗaura murfi, ta kifa kwalbar ta ɗan ƙwanƙwasa ta da farce tana ɗaga ta sama tana kallo. Sai ga wata 'yar iska kaman ƙwayar gero ta taso. Ta ajiye ta gefe ta ɗauko sabuwa. Baffa yace "'yata wannan ɗan abin ne zai sa ki sake?" Tace "Baba cikin wannan iskar abin da muke nema zai gudu ya shiga." Irin wannan kwalbar in an sa mata asid an riƙe ta a sanyi kwana 14 take da shi kafin a gwada, in ya wuce sakamakon ya zama abin shakka. Ta dalma daban ce, gorar roba ce da wani asid ɗin daban. Ka kwatanta wannan da gorar lemo a kan babur.

Akwai kuma kwalaben da ake sakawa don a gwada aikin kansa. Ɗaya tataccen ruwa ce da ta taso daga lab a rufe ta yi tafiyar gaba ɗaya cikin kula ta koma ba a buɗe ta ba, in aka samu benzin a cikinta an san a hanya ya shiga, wataƙila an ajiye kular kusa da jarkar mai a but ɗin mota. Wata kuma tagwaye ce, rijiya ɗaya aka cika kwalba biyu aka ba su lamba daban ba tare da lab sun sani ba, in sakamakonsu ya yi hannun riga toh akwai matsala. Sannan takardar da duk wanda kular ta bi ta hannunsa zai sa hannu da lokaci, daga fili zuwa mota zuwa lab. Wannan takardar ce za ta tsaya maka in magana ta kai kotu. Lab ɗin da ke da injin gano benzin a wannan ƙanƙantar ba ko'ina suke ba, galibi sai an tura Legas ko Fatakwal ko Abuja, don haka tun kafin a haƙa ake shirya yanda kula za ta isa da ƙanƙararta ba ta narke ba. Ka nemi wanda NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ko ma'aikatar muhalli ta tarayya ta amince da shi, ka kuma tambaye su mafi ƙanƙantar abin da injinsu ke iya gani. In injin ba ya ganin abin da ya gaza mikirogiram 50 sannan ya rubuta maka "ba a samu ba", alhali iyakar 10 ce, wannan takardar ba ta wanke ruwan ba.

Lokacin shekara ma yana canza amsa. A ƙarshen rani ruwan ƙasa ya sauka, a watan Agusta da Satumba ya hau. Yana hawa yana sauka yana shafa man a jikin ƙasar da ke tsakani, don haka rijiyar da ta nuna kaɗan a Afrilu tana iya nuna da yawa bayan damina ta jiƙa wannan shafaffen wurin, wani lokacin kuma akasin haka. Gwaji ɗaya hoto ɗaya ne. In da hali a yi biyu, rani da damina.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuɗi. Gaskiya ne aikin yana da tsada, injin haƙa da lab da kai da kawowa, kuma Baffa ma sai da ya yi tsaki da ya ga lissafin. Amma ka auna shi da kuɗin filin, da na gini, da na injin fiya wata da rijistar NAFDAC, sannan a ce bayan shekara biyu kwastoma sun fara cewa ruwanka na warin kananzir. A Amurka tun dokar da suka yi a 1980 bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal, inda aka gina gidaje da makaranta kan ramin sharar masana'anta, wanda ya sayi gurɓataccen fili yana iya gadar nauyin gyaransa ko ba shi ya ɓata ba, shi ya sa can banki ma ba ya son ba da bashin sayen irin wannan wurin sai an yi binciken. Mu nan ko ba wanda ya tilasta maka, ranar da rijiyar maƙwabci ta ɓaci ƙofar wanda ke cikin filin za a ƙwanƙwasa, tsohon mai shi ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kuma ni abin da ya fi damuna ma ba asarar kuɗin ba ne, ledar ruwan nan yara ne za su saya a bakin makaranta.

Samun dafi kuma ba yana nufin filin ya mutu ba. Ana zuƙe tankuna a ciro su, a kwashe ƙasar da ta ɓaci a kai inda hukuma ta yarda, a nan jihar hukumar kare muhalli ta BASEPA ce za a tuntuɓa, a gwada bango da gindin ramin a tabbatar an kai ga mai kyau kafin a cike. Ƙasar da fetur ko gas ya ɓata ana iya shimfiɗa ta a kan leda mai kauri ana juyawa ana ba ta taki da danshi, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cin man a hankali, zafinmu ma yana taimakawa. Dalma ce ba ta ruɓewa, sai dai a kwashe ko a rufe ta. Ruwa shi ne mai wuya, yana ɗaukar shekaru. Ko shaguna kawai za a yi sai an kula, don tururin mai yana tasowa ta tsagar daɓe ya taru a ɗakin da ke rufe.

Sakamakon zagayen farko ya dawo bayan sati uku. Rijiyar da ke sama da tankuna ba a ga komai ba, ta gefen ofis ma haka, amma wadda ke ƙasa da tanki na biyu benzin ɗinta ya haura iyaka, ƙasar da ta yi warin nan ita ma ta tabbata. Gangaren ruwan ya nufi bayan fili ne, inda gidaje suke. Baffa ya ajiye maganar fiya wata a wurin gaba ɗaya, ya ce wa dillali in mai filin ya yarda a cire kuɗin ciro tankuna da kwashe ƙasa daga farashi za a ci gaba da magana kan shaguna, in bai yarda ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Har yanzu ba su amsa ba.

Gida na biyu daga katangar baya akwai rijiyar hannu a tsakar gida, matar gidan tace da ita suke girki da wanka, na sha ne kawai suke saya a wajen 'yan garuwa in da kuɗi. Baffa da kansa ya je ya samu maigidan bayan la'asar ya faɗa mishi abin da aka gani, ya roƙe shi su daina sha da girki da ita tukuna, yace shi zai biya kuɗin gwada ta ko cinikin ya faɗa ko bai faɗa ba. An sa ta cikin zagaye na biyu da za a yi a watan Satumba in ruwa ya gama hawa.